An Ceci Takalmin Mamman

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ceton Matafiya na yankinmu, wanda a takarda ake kira Alhaji Shugaba, a gidanmu kuma Ɗan Goggo.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da jama'ar ofis, da kuma babban almakashin nan naku na yanka mota. Shi na fi tambaya, domin na ji an ce jikinsa ba ya son rana, ba ya kuma son tafiya mai nisa. Allah ya ƙara masa lafiya.

Ga masu karatu da ba su san mu ba, ni tsohon hedimasta ne, mazaunin Maiyama. Shugaba kuwa taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Al'ada ta ba ni izinin in gaya masa abin da wani ba zai iya ba, ta kuma hana shi yin fushi. Yau zan mori wannan izini, don shi kaɗai ya rage mini cikin abubuwa masu daraja. Takardun shaidar karatuna tuni gara ta ɗanɗana su, ita ma ba ta ga abin cinyewa ba ta bar saura.

Da so samu ne, a zaure za mu yi maganar nan, ni da kai. Na je ofis, aka ce kana taro. Na koma, aka ce taron bai tashi ba. Na je gida, aka kawo mini fura mai sanyi aka ce yanzun nan ka fita. Furar ta yi daɗi, na gode. Amma tunda taron ya ƙi ƙarewa, ga wasiƙa, a karanta maka a ciki. Kuma maganar ba taka ba ce kai kaɗai, rabinta na jama'armu ne.

A kan ƙanena Mamman nake rubutu, taubashinka, wanda yake kwance tun cirar albasar bara.

Na farko, yadda abin ya faru, tunda na lura labarin da ya iso ofishinka an yi masa wanka.

Ranar kasuwar Aliero ce, da hantsi. Muka shiga ƙaramar motar haya daga Maiyama, ni zan nemi iri mai kyau, shi kuma Mamman zai je ne kawai, kamar yadda ya saba, don kada a ci kasuwa ba da bakinsa ba. Ya kama kujerar gaba. Ka san shi, ya ce na baya ba ya ganin labari, sai dai a ba shi. Ranar ya sa sabon takalmi sau-ciki da surukinsa ya kawo masa, tun daga tasha yake miƙe ƙafa don a tambaye shi.

Mun wuce Jega da kaɗan, a kan wata kwana, sai ga babbar mota shaƙe da albasa ta lalace a tsakiyar titi. An zuba ganye don gargaɗi, kamar yadda muke yi, amma awakin wurin sun riga sun karya kumallo da shi. Direbanmu ya taka birki, ya karkata, bai tsira ba. Gefen da Mamman yake ne ya shige ƙarƙashin bayan babbar motar. Ƙarfen gaba ya naɗe ya sauko masa a kan ƙafafu.

Ni ina baya, tsakanin wani ɗan kasuwa mai jiki da buhun gero. Su biyun suka cece ni, Allah ya saka musu. Goshina ne kawai ya fashe, tabarauna ya ɓata. Na fito na zagaya wajen Mamman. Buhuna sun fashe, tayoyi sun murƙushe albasa, kowa a wurin hawaye yake yi, ba ka iya rarrabe na tausayi da na yaji.

Mamman yana cikin hayyacinsa. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Yaya, ka ce musu su yi hankali da takalmina, sabo ne." Na hagu ya cire ya faɗi gefe, ina ganin ƙafar a fili. Ta dama ce ƙarfe ya kama, da takalmin da komai. Ya ce wuyansa da bayansa suna masa zafi. Na ce ya motsa mini yatsun ƙafar hagu. Ya motsa su, har ya ce ko yanzu ma jarrabawa zan yi masa. Ranka ya daɗe, ka riƙe wannan: ya motsa su, da idona na gani, ko babu tabarau.

A kwalejin horon malamai an koya mana agajin farko, a zamanin da ake koyar da abu har ya zauna. Na san mutum in ya ce bayansa, ba a lanƙwasa shi. Na duba, an kashe inji, babu wuta, babu warin mai. Babu abin da yake korar mu. Wani ɗan kabu-kabu ya ce ya kira lambar kwamitinku, an ce ana zuwa. Na sa hannu ta taga na riƙe wa Mamman kai, na ce a jira.

Jama'a suka taru daga gonaki da gatari, da diga, da kowane ƙarfe da hannu ya kai gare shi. Mutanen kirki ne, ban da shakka. Babu wanda ya san mu, amma sun bar aikinsu a guje. Suka sari ƙofar, ta ƙi. Suka ɓamɓare, ta ƙi. Rana tana ƙara zafi, ana ta leƙen hanya, ba a ga motarku ba. Sai wata murya daga baya ta ce, "Ku jawo shi hakanan! In ya kariye, ai Aliero na kusa!"

Wallahi har dariya aka yi, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Na ɗaga muryar da na yi shekaru ina tsayar da fili guda na 'yan makaranta da ita. Ba ta tsayar da kowa ba. Wani bawan Allah ya rungume ni ta baya ya janye ni, ya fasa ruwan leda ya juye mini a ka, yana cewa, "Baba ya ruɗe, ku yi masa fifita." Ana yi mini fifita aka kama Mamman ta hammata, aka murɗa shi, aka zaro shi ta taga. Ƙafar ta fito, ta bar takalmin a ciki. Ya yi ƙara sau ɗaya, bai ƙara ba. Aka yi kabbara. Aka naɗe shi kamar tabarma, aka zaunar da shi a bayan wata mota, sai Aliero.

Na biyu, maganar nan ta "Aliero na kusa".

Da ita muka tashi, ni da kai. Yaro ya hau reshen mangwaro na can sama, uwa ta yi ihu, uba ya ce a bar shi, Aliero na kusa. Mutum ya ɗora buhunan albasa a kan babur har ba a ganin hularsa, ka yi masa magana, ya ce Aliero na kusa. Kai kanka, da ka faɗo daga jakin kawu ka karya hannu, ba ka gama kuka ba aka ɗora ka, ga shi yau da hannun kake sa hannu a takardu. Allah ya yi wa masu ɗorin ƙashi na Aliero baiwa, daga nesa ake zuwa wurinsu, kuma ba ni ne zan rage musu daraja ba. Amma mun ɗauki baiwarsu mun mayar da ita lasisin ganganci. A wasu wurare in mutum ya maƙale a mota, jama'a tsoron taɓa shi suke yi. Mu a nan ba ma tsoro, don mun ɗauka jikin ɗan Adam kamar keke ne, kowane ɓangare ya lalace akwai mai gyaransa a bayan kasuwa.

Tsohon da muka kai Mamman wurinsa ya ɗora ƙashin ƙaurin da ya karye, ya jera karare ya ɗaure, aiki mai kyau. Sannan ya mintsini tafin ƙafar. Mamman bai ji ba. Ya mintsini ɗayar. Bai ji ba. Tsohon ya tambaya wa ya zaunar da mutumin nan a mota. Ya ce ƙashi nasa ne, amma lakar baya ba a ɗaure ta da kara. Ya sa aka ciro ƙyauren ƙofa aka shimfiɗe shi a kai, ya ce mu nufi babban asibiti, kada kowa ya ƙara lanƙwasa shi.

A asibiti likita ya ce ba zai iya rantsewa ko karon ne ya taɓa lakar ko jan da aka yi ba. Ni ma ba zan rantse ba, ina tsoron Allah. Abin da na sani shi ne na ga yatsun nan suna motsi a cikin mota, kuma tun da aka fito da shi ban ƙara ganin sun motsa ba. Ƙaurin ya haɗe sumul, Aliero ta cika alkawarinta. Ƙafa ce lafiyayya, ba ta dai jin kiran mai ita.

Na uku, motarku da almakashinta.

Ina cikin waɗanda aka gayyata ranar da aka ƙaddamar da shi. An kafa rumfa, an jera kujeru, ka sha babbar riga har ba ka iya ɗaga hannu sai an taya ka. Aka jawo wata matacciyar mota, aka tayar da inji, almakashi ya yanke ginshiƙinta kamar ana yanka rake, wani ƙarfen kuma ya buɗe ƙofar kamar bakin kada. Muka yi tafi. Mamman yana kusa da ni, shi ne ya raɗa maka suna Sarkin Almakashi, ka bi shi da gudu cikin babbar rigar, mutane suna dariya. A jawabinka ka ce daga yau ba za a ƙara fizge mutum daga mota ba, motar za a cire daga jikin mutum. Maganar ta burge ni. Na daɗe ban ji shugaba ya faɗi abu mai ma'ana ba, har na yi zargin wani ya rubuta maka.

To, ranar da Mamman yake jira, ina motar take? Na bincika. Ta raka ka ta'aziyya wani gari, saboda tana da jiniya, kuma ayari ba ya cika sai da jiniya. Ban ce kada a je ta'aziyya ba, zumunci ne, lada ne. Amma ranka ya daɗe, motar ceto aikinta ta rage yawan ta'aziyya ne, ba ta halarce su ba. Wanda kuka je dominsa ya riga ya tafi, ba ya gaggawar komai. Mamman ne yake gaggawa.

Na san amsar da kake bayarwa, an kawo mini ita. Ka ce ko da motar tana nan, mutanenmu ba sa jira, kafin a iso sun zaro mutum. Gaskiya ka faɗa. Na tambayi direbobi a tasha, su kuma suka ce me za a jira, tunda ba a taɓa ganin motarku ta iso a kan lokaci ba. Su ma gaskiya suka faɗa. Ku ba kwa sauri don ba a jiran ku, su ba sa jira don ba kwa sauri. Kowa da hujjarsa mai kyau, Mamman kuma yana kwance a tsakani. Allon da kuka kafa a bakin hanya mai ɗauke da lambarku ma, hotunan masu neman ƙuri'a sun rufe shi. Wanda ya yi hatsari a wurin ba zai san wa zai kira ba, amma zai san wa zai zaɓa.

Na huɗu, takalmin.

Dole in yi adalci, motarku ta zo. Ta iso bayan mun tafi, ta tarar da mota babu kowa da masu tsintar albasa. Ma'aikatanka biyu, magidanta masu mutunci, suka ga ba su da wanda za su ceta, suka leƙa suka hangi takalmi a matse. Suka tayar da inji, suka yanka nan, suka buɗa can, ƙarfen ya ɗaga. Da bakinsu suka gaya mini ko salati ba su gama ba aikin ya ƙare. Suka zaro takalmin. Bayan an sallamo mu daga asibiti suka kawo shi har gida, a leda, sun goge shi.

Na juya shi, na duba ciki da waje. Ko ƙwarzane babu. Ban ga laifin mutanen nan ba, ɗayansu ma bai iya haɗa ido da ni ba. Na yi musu godiya. Na hagun dama yana wurina, wani ya tsinta ya miƙo mini a ranar. Na haɗa su na ajiye a ƙofar ɗakin Mamman. Ka ga ke nan kwamitinka ba a banza yake ba. In ana lissafin waɗanda ya ceta a bara, a sa takalmin dama na ƙanena, ya fito lafiya lau, yana gaishe ka.

Na biyar, Mamman a yau, tunda ba ka zo ka gani ba.

Ka aiko da gaisuwa, ka aiko da lemo, ka aiko da addu'ar Allah ya sa kaffara ce. Duk sun iso. Na san ba girman kai ne ya hana ka zuwa ba, tare muka yi kiwon awaki, na san ka. Kunya ce. Amma kunyarka ba ta juya shi a kan shimfiɗa, matarsa ce take yi, bayanta ita ma ya fara gazawa.

Ba ƙafafun ne suka fi ba ni tsoro ba. Mutumin da ba a taɓa zama da shi aka rasa dariya ba ya yi shiru. Ya juya fuska bango. Abokansa na kasuwa suka zo suka tsokane shi, bai rama ba, suka daina zuwa. Abinci sai an yi ta lallashi. Matarsa ta so ta ba da takalman sadaka don kada ya riƙa ganinsu, ya hana, bai faɗi dalili ba. Na binne iyayenmu, na binne tsararrakina da yawa, na san yadda mutum yake idan ya fara tattara kayansa a zuci. Ƙanena yana tafiya, ranka ya daɗe, yana numfashi amma yana tafiya, kuma duk karatuna ban san yadda ake riƙe shi ba.

Sai kwanan baya, da aka fara dashen albasa, ina zaune kusa da shi ina ba shi labarin wanda ya shuka me, ya juyo da kansa ya tambaye ni ko har yanzu ana cewa Aliero na kusa. Na ce ana cewa. Sai ya ce yana so a kai shi tasha ranar kasuwa, a shimfiɗe shi inda direbobi da 'yan kabu-kabu za su gan shi, a ajiye takalmin a gefensa. Ya ce shi zai yi bayani. "A nuna musu wanda ya jira almakashi, a nuna musu wanda aka taimaka wa da gaggawa, su zaɓa." Na ce masa, ba za ka ji nauyi ba? Ya ce kwanciya ce dai, a gida ma ita yake yi, gara ya yi ta inda akwai masu sauraro. Sai ya yi dariya. Ita ce ta farko tun ranar hatsarin. A daren ma ya cinye tuwonsa, har ya ce miyar ba gishiri.

Wannan ne abu ɗaya da ya roƙa tun da ya kwanta. Ni ba ni da motar da za ta ɗauke shi a miƙe, kuma na rantse ba za a ƙara naɗe shi a bayan motar haya ba. Taku tana da gado, tana da abin ɗaure wuya, na gan su ranar da muka yi tafi.

Saboda haka ga roƙona.

A ɗauki Mamman a motarku, a kai shi tashar Jega, da ta Aliero, da tamu ta Maiyama, tun kafin manyan motoci su fara lodi. A tafi da almakashin a yanka wata matacciyar motar a gaban direbobi, ba a gaban manyan baƙi ba. A roƙi masu ɗori su zo su tsaya kusa da shi su faɗi da bakinsu abin da suke iya ɗorawa da abin da ya fi ƙarfinsu. Jama'armu ba za su saurari tsohon hedimasta ba, na gwada, ruwa na sha a ka. Amma su za a saurare su. A gaya wa mutane a sarari: in akwai wuta ko mai yana zuba, a fitar da mutum ko ta yaya. In babu, a kashe inji, a riƙe masa kai, a danne inda jini yake zuba, a yi ta yi masa magana, a jira.

Jira kuwa ba zai yiwu ba sai an ga kuna zuwa. Lokacin cirar albasa motar ta zauna a bakin titi da ma'aikatanta, ba a inuwar ofis ba. In ta'aziyya ta taso, ka tafi a motarka. Idan jiniya ce matsalar, ka ɗauki ɗaya daga cikin jikokinka, ba su gaza ta ba. A kuma ɓamɓare hotunan nan daga kan allo, masu su sun riga sun sami abin da suke nema.

Amma kafin duk wannan, ka zo gida. Ba da ayari ba, ba da lemo ba. Ka zo ka zauna a bakin shimfiɗarsa ya zage ka irin na taubasai, ka rama. Na gaya masa zan rubuta maka, na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce in gaya wa Sarkin Almakashi ya daina aiko da gaisuwa a bakin mutane, ya zo da ƙafarsa, tunda shi tasa tana aiki.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya. Allah ya tsare ka da iyalinka a kan hanya, in kuma ya ƙaddara wata rana ka maƙale, ya haɗa ka da masu haƙurin jira. Allah ya ji ƙan Goggo, wadda da tana raye da ba sai na rubuta wasiƙa ba, kunnenka za ta kamo har Maiyama.

Takalman suna nan a ƙofar ɗaki, an goge su. Mai su ya sa an yi masa aski, yana jiran ƙarar motarka.

Wassalam.

Taubashinka,
Malam Garba, tsohon hedimasta,
Maiyama.